Facin Kawu Ba Ya Yoyo

Shekara talatin Kawuna ya yi a bakin titinmu yana liƙe tukwane da kofunan ƙarfe da dalma. Abin taƙamarsa ɗaya ne: facinsa ba ya yoyo.

Ni na jawo masa. A wurin aiki aka ba mu wasu 'yan tsinkaye masu auduga a baki. In ka goga a jikin abu audugar ta yi ja, to akwai gubar dalma. Don rawar kai, a gaban iyalinsa na goga a facin kofin da jikarsa ke shan ruwa da shi. Nan take audugar ta yi jajir.

Kawu ya karɓi kofin, ya jujjuya shi, ya ce, "Wannan ma sau biyu na liƙe shi." Na rasa inda zan sa fuskata.

Washegari ya bi gida-gida yana roƙon a ba shi duk abin da ya taɓa liƙewa. Maƙwabciyarmu ta hana shi kofinta, tana dariya.

"Haba Baba! Duk yarana da kofin nan suka tashi, kuma har yau bai taɓa yoyo ba."

Kawu ya sunkuyar da kai, ya ce, "Abin da ya kawo ni ke nan."