Harshen Inna

Inna, mahaifiyata, asalinta Kambari ce daga wani ƙauye bayan Mashegu. Aure ya kawo ta Kontagora. A nan ta koyi Hausa, ta kuma ɗauki kunyar Hausawa har ta fi su. Ni ce 'yar farinta, don haka sunana bai taɓa fita daga bakinta ba. "Ke" nake, in ta ga dama "waccan". Abin yana ba ni haushi, na sha gaya mata. Sai ta harare ni ta ce, "Ji marar ta-ido."

Da maganarta ta fara nauyi, gidan gaba ɗaya muka ce tsufa ne ya dawo mata da harshen garinsu. Ta ce "ruwa" mu ji "luwa", jikoki su yi ta kwaikwayo. Ita ma dariya take, tana cewa Hausar aro ce, masu ita sun zo karɓa. Harshe muke ta faɗi, ba wanda ya ce ta buɗe baki a duba shi.

Sai tuwo ya fara gagarar ta. Ƙafafu suka kumbura, daga ɗaki zuwa madafa sai ta tsaya tana haki. A asibiti likita ta ce ta fito da harshe. Ya cika bakin taf, shatin haƙora a gefensa.

Aka yi ta gwaji, har aka ɗan yanki tsoka aka kai babban asibiti. Amiloidosis, in ji likitar. Wani furotin ne da jiki ke yi ba daidai ba, ya kasa narkewa, sai ya yi ta kwanciya a harshe da zuciya da ƙoda, kamar yadda gasara ke kwantawa a gindin roba. Ba ya yaɗuwa, ba kuma sammu ba ne. Magani zai rage masa gudu, amma abin da ya kwanta da wuya ya tashi, maganarta za ta ci gaba da raguwa.

Inna na jin mu. Muka hawo Keke Napep muka dawo gida.

Wata hantsi ina ba ta kunu da cokali, ta riƙe min hannu. Ta daɗe tana juya harshen nan a baki, na zaci ƙwarewa ta yi. Sai na ji sunana. Sunana na yanka. Ya fito a karkace, rabinsa ya maƙale a hanya.

Na ce, "Inna, ban ji ba."

Na ji sarai. So nake ta maimaita.

Ta harare ni irin ta da, ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa don dariya. Ni kuka nake. Ba ta sake faɗi ba, ni ma ban sake roƙo ba.