Karfasar da surukina ya riƙa kawowa

Shekarar da 'yata ta fari ta zo wankan jego gidanmu a Paki, na ci kifin da ban taɓa cin yawansa ba tun da aka haife ni, kuma ba don daɗinsa na ci ba.

Namiji ta haifa. Bayan suna aka kawo mini ita daga Maƙarfi, ta yi arba'in a gabana kamar yadda aka saba. Mijinta malamin makaranta ne, yaro mai kunya. Tun da aka ɗaura aurensu magana ba ta taɓa haɗa mu ba sai gaisuwa: ya durƙusa a bakin ƙofa, ni ina ciki bayan labule, in ce lafiya lau, madalla, shi ke nan. Ko sunansa ba na kamawa. Haka na ga uwata ta yi da surukanta, ni ma haka na riƙe.

A zamaninmu ƙafar saniya ake kawo wa mai jego, a dafa da yaji. Yanzu nama ya fi ƙarfin albashin malamin makaranta, don haka duk mako sai ga shi a kan babur da kwalin kifi, ruwan ƙanƙara na ɗiga. Karfasa ce, amma ba irin ta madatsun ruwanmu ba. Dukkansu girmansu ɗaya kamar bulon da aka buga, kwalin kuma da wani rubutu da ko maigidana mai gilashi ya kasa karantawa. Ba mu da firji, sai in soye shi duka a ranar.

Kwalin farko na soya mata da murna, ta ci. Kafin na biyu ya zo, ƙanwata da ke aure a Kudan ta turo mini wani saƙon murya a waya. Wani mutum ne yake cewa irin wannan kifin a ƙasashen waje ake kiwonsa cikin tafkuna, ana ɗura masa magunguna don ya yi saurin girma, sannan ya yi wata da watanni a hanya, in ya iso nan wuta ta ɗauke ya narke, ta dawo ya sake daskarewa. Ƙanwar tawa ba ta da aiki sai turo abin tsoro, ita ce ta taɓa hana ni shan shayi. Amma wannan ya zauna mini a ƙirji, don zancen ɗauke wuta kam ba sai an gaya mini ba. Na dubi jaririn yana tsotso. Duk abin da uwarsa ta ci, cikin wannan ɗan cikin zai ƙare.

Na sami maigida na ce ya yi wa surukin namu magana, tunda su maza suna ɗan taɓa hira.

"In ce masa me?" in ji shi. "Yaro ya yi abin kirki, in ce ya kawo mana guba? Ki yi bismilla ki soya. Kin fiye neman magana."

Ita kuma yarinyar ban iya gaya mata ba. Mai jego ba a tsorata ta, kuma na san halinta, kafin la'asar ta kira mijinta, ya ɗauka na raina abin hannunsa. Zubarwa? Abinci ne, ga tsoron Allah, ga idon maƙwabta. Na yi tunanin raba wa yaran unguwa, sai na ji kunyar kaina: abin da na hana jikana, in ba jikan wata? Ba wanda ya rage sai ni da maigida, mu da muka riga muka ci zamaninmu.

Haka muka hau cin kifi, safe da rana. Shi har lashe hannu yake yi yana sa wa surukinsa albarka. Ni kuwa kowace loma sai na tsaya ina sauraron cikina. Kaina ya sara, in ce ga shi nan. Gwiwata ta yi ciwo, gwiwar da ta shekara da shekaru tana ciwo, in ce kifi ne. Mai jegon kuma na bi kajina da zabbina ɗaya bayan ɗaya, ana yankawa ina yi mata farfesu.

"Inna, ƙamshin kifi nake ji," ta ce wata rana.

"Kifi bai dace da mai jego ba, sanyi gare shi."

Ta yi dariya. "Wancan makon da kika ba ni bai da sanyi?"

Na ce ta tashi ruwan wanka yana hucewa.

Ranar da na je gaisuwar rasuwa Ikara, na dawo na tarar da ƙayar kifi a faranti a ɗakinta. Ta ci uku. Kwana biyu bayan nan ƙuraje suka feso wa jaririn a wuya da gadon baya. Ban jira kowa ba, na saɓa shi sai asibitin garinmu, uwarsa na biye da ni tana cewa ba komai ba ne. Ma'aikaciyar ta duba ta ce ƙurajen zafi ne, a rage masa kaya. Na matsa kusa da ita na rage murya na tambaye ta zancen kifin. Ta ce a dafa shi sosai, in ya yi laushi ko ya canza wari kada a ci. Na ce, to abin da aka ba shi ya ci a can fa? Ta ɗaga kafaɗa. Ita ma shi take saya wa yaranta.

Ƙurajen suka baje, tsorona bai baje ba. Ina wasa da yaron ina ce masa angona, rowarka ta yi yawa, ko kuɗin cefane ba ka ba ni, amma idona yana kan fatarsa, ina dube-dube.

Ranar komawa ta zo. Kajina saura zakara ɗaya. Ana ɗaure kaya, yarinyar ta ce mini da fara'arta:

"Inna, na gaya masa ku kuke cinye kifin. Ya ji daɗi sosai, ya ce ba zai daina aiko muku ba. Mu ma ai shi ne miyarmu kullum a gida."

Kullum. Ashe duk wahalar da na sha, kwana arba'in kawai na tsare. Gobe za ta tsaya a murhunta ta soya, ta ci, ta ba jaririn nono, nan da 'yan watanni ta murmushe masa tsokar a baki.

Surukin nawa ya zo sallama ya durƙusa a inda ya saba. Na ji muryarsa yana godiya. Na kama labulen na yaye. Sai ranar na ga fuskarsa sosai, ashe ramamme ne. Ya yi sauri ya sunkuyar da kai. Maigida da ke gefe ya yi gyaran murya, ban kula shi ba.

"Malam," na ce, "kifin nan da kake kawowa, daga ina yake? Me ake ba shi?"

Ya amsa, kansa a ƙasa.

"Wallahi Inna, ban sani ba. Mai shagon ma na tambaye shi, ya ce daga Kano ake kawo masa. Ni ma ina jin maganganun da ake yi." Sannan ya ce, "Shi ne abin da ƙarfina ya kai."

Na sa aka kamo zakaran aka ɗaure masa ƙafa aka sa a cikin kayansu. Na miƙa wa 'yata ɗanta, na tsaya a ƙofar gida har motar da ta ɗauke su ta sha kwana. Zakaran ba zai wuce musu kwana biyu ba.