Furannin da Na Sauke Ƙasa

Jiya jikata ta rataye kwandon furanni a barandarmu ta Akurba, ta ce, "Kaka, ki riƙa zuba musu ruwa da safe." Nan take na tuna da Babanmu.

A shekarun 1950, ina yarinya, Babanmu yana aikin lambu a gidan wata Baturiya a nan Lafia. Tana da kwanduna huɗu na jajayen furanni a rataye. Kullum Baba sai ya taka kujera ya shayar da su.

Mu manoma ne. A gidanmu irin masara kaɗai ake ratayewa, shi ma sai ya bushe. Rannan na kai wa Baba abinci ban tarar da shi ba. Furannin suka ba ni tausayi, na sauke su duka na dasa a ƙasa.

Ashe saboda awaki ake rataye su. Kafin la'asar ko ganye bai rage ba.

Baturiya ta tambayi wanda ya yi. Ina tsaye a wurin, na yi tsit. Baba ya ce, "Ni ne, Madam." Ranar ta sallame shi daga aiki.

A hanyar gida bai yi mini faɗa ba. Da muka iso rafi ya ce, "Wanke hannunki, 'yata. Akwai ƙasa a farcenki, kada uwarki ta gani."

Har ya rasu ban nemi gafararsa ba. Ku akwai wanda ya taɓa ɗaukar laifinku kuka yi shiru?