Tikiti Ɗaya, Mu Biyu

Liba zuwa Maiyama

Ƙarfe shida saura kwata, muna idar da sallar asuba, na ɗora Baba a bayan babur ɗin haya, ni na zauna a bayansa ina riƙe da shi. Ƙanena Sahabi ne ya kai wasan ƙarshe a gasar kokawa a Aliero, Baba kuwa ya rantse sai ya je. Shi ya koya masa kokawar tun idonsa na gani. Yau shekara huɗu ke nan da yanar ido ta rufe masa gani, sai dishi-dishi. Duk wasan da za a yi, ni ke zama kusa da kunnensa ina faɗa masa wa ya kama ƙafar wa. Mun isa tashar Maiyama shida da rabi, muka jira mota ta cika har bakwai da kwata.

Jega

Shinge biyu muka wuce, direba ya ɗaga hannu aka ɗaga masa. Takwas saura minti biyar muka sauka, na sayo mana kunu da ƙosai na ɗari shida. Muna cikin sha wani mutum mai jar hula ya tsaya a kanmu, da damin tikiti ɗaure da roba.

"Kokawa za ku? Dubu bibbiyu na."

Na karɓa na duba. Naira dubu ɗaya aka buga a jiki, ɓaro-ɓaro.

"Malam, ai dubu guda anka rubuta."

"Rubutu dai anka yi. Can bakin hili babu ko guda, mun kwashe tun jiya."

Ya faɗa ko kunya babu, har da murmushi. Raina ya ɓaci. Na yi masa abin da nake yi wa dillalan albasa idan sun raina mini buhu: na miƙa masa kayansa, na kama hannun Baba, na juya ina tafiya a hankali, ina jiran ya kira ni. Shekara ashirin ina wannan dabara, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Har muka shiga motar Aliero mai jar hula bai ko waiwayo ba.

Baba ya ce, "Nasiru, da ka saye."

Na ce, "Baba, ƙarya shikai. In mun kai, ga taga za mu saye."

Aliero

Tara da minti goma muka iso. Fili an kewaye shi da kwano, ƙofa ɗaya. Tagar sayar da tikitin a rufe take da kwaɗo, ga mutum huɗu zaune a benci a gabanta, kowa da nasa damin. Dubu huɗu suke sayar da ɗaya. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Na nuna musu Baba, na ce ɗansa ne zai kara yau. Ɗaya ya ce, "To ai ku ya kamata ku hi kowa biya."

Wallahi ban taɓa jin takaici irin na wannan magana ba. A garinmu tsohon ɗan kokawa tabarma ake shimfiɗa masa a gaba, makaɗa su ambaci sunansa. Nan ga shi tsaye a rana ana yi masa ciniki. Na kira Sahabi a waya sau shida, a kashe, an karɓe wayoyin 'yan kokawa tun safe.

Na sake cewa bari mu jira, in an fara wasa dole su karya farashi. Muka yi azahar, muka ci shinkafa da wake. Ashe motoci na nan tafe daga ko'ina. Ƙarfe huɗu da aka fara kiɗa, tikiti ya koma dubu bakwai. In na ware kuɗin mota, na mutum ɗaya gare ni.

Baba ya ce, "Kai ka shiga. Ka gani, ka hwaɗa min."

Na ƙi. Na biya, na kai shi bakin ƙofa, na roƙi mai tsaro ya zaunar da shi. Ni na jingina da kwano ina jin ihu. Biyar da minti ashirin aka yi wata sowa da ta girgiza kwanon, na ji ana kiran sunan Sahabi.

Komawa

Da Baba ya fito yana lalube, fuskarsa jiƙe da hawaye, ya damƙe hannuna.

"An ce ya kada shi. Da wace ƙahwa yad ɗauke shi?"

Na ce ban gani ba. Ya ce ya tambayi na kusa da shi ma, ihu bai bari sun ji juna ba.

Sahabi masu gasa suka riƙe shi sai gobe. Mu muka kamo hanya, muka yi magariba a Jega, muka shiga gida lafiya, alhamdu lillahi. Ina gode wa mai tsaron ƙofar nan da ya riƙe hannun Baba har wurin zama. Mutanen benci kuwa na bar su da Allah, kuma ban wanke kaina ba.

Maƙwabta sun cika zaure suna cewa Baba ya ba su labarin yadda aka yi. Ya ce, "Kiɗin dai ya yi daɗi."