Garin da Gero Ya Zana

A shekarun da Turawa ke yaƙinsu, alhazai suka yi ƙaranci a Makka, gidanmu na unguwar Utaibiyya ɗaki biyu ne na laka a gindin dutse. Da an idar da sallar magariba sai Kaka ta fito da kaskon gawayinta, ta ɗora butar shayi, ni da yayata Zainabu mu zauna a gefen zanenta. Har yau in na ji ƙamshin na'ana'a a kan garwashi sai zuciyata ta karye.

"Ya sitti, labari," in ji Zainabu, wadda Larabci ya fi kama bakinta.

"Sitti tana gidan maƙwabta. Ni Kaka ce. Ki roƙe ni da Hausa, ko in sha shayina in kwanta."

Sai mun lallashe ta sannan ta gyara zama ta ce, "To, ga ta nan ta taso daga nesa, ku ba ta wuri."

Labarin da na fi so shi ne na Bawa marini. Garinsu, in ji Kaka, yana can ƙasar Hausa, da kasuwarsa da marinarsa da masallaci. Bawa ya tafi fatauci ya bar matarsa Ladi da jaririya a goye. Hanya ta riƙe shi shekaru. A bayansa ciwo ya shiga garin, rijiya ta ja baya, mutane suka riƙa ɗaure kaya. Da ya dawo, gida uku da masallacin kawai ya tarar, sauran duk an nome. 'Yarsa na raye a hannun wata tsohuwa. Ladi kuwa ta rasu, an binne ta a bayan ɗakinta yadda ake yi a lokacin, ɗakin kuma damina ta narkar da shi. Waɗanda suka binne ta duk sun watse.

Bawa bai nemi komai ba sai ya tsaya a kan kabarinta ya yi mata addu'a. Ya yi ta zagaya fili cikin rani yana tsintar tsingaro, ko'ina iri ɗaya.

A nan Kaka takan tsaya ta hura wuta, don ta ja mana rai.

"Kaka, ya same ta?" nakan tambaya, ko da na san amsar.

"Ji mini yarinya. Ke dai in ba a haɗa masoya ba ba kya barci. Allah Ya ba ki miji mai haƙuri."

Tsohuwar da ke riƙon 'yarsa ce ta ce masa, "Ɗana, daina wahalar da ƙafarka. Jira ruwa ya sauka." Ya jira. Da gero ya kai ƙugu ta ce ya hau kuka ya duba ƙasa. Da ya hau sai ya ga garinsu kwance cikin gona. Inda katangu suka taɓa tsayawa, geron ya gajarce ya yi ruwan ɗorawa, layi-layi. Inda aka ɗaure awaki da inda aka zubar da toka, ya yi tsawo ya yi duhu. Ga lunguna, ga filin kasuwa. Can gabas da masallaci ya hango kore a zagaye, kusa da juna kamar faifai a shanya. Ramukan marinarsa ne. Daga nan ya gane ƙofar gidansa, ya gane ɗakin Ladi.

Kaka takan zana mana duka da tsinke a cikin toka, ta sa ƙwallon dabino a inda ɗakin yake. Ta ce Bawa ya sauko, ya ratsa geron a hankali kamar mai shiga gidan mutane, ya yi sallama, ya ɗaga hannu. Mai gonar bai girbe wurin ba a shekarar, ya bar wa tsuntsaye.

"Ta koma inda ta fito," in ji Kaka, ta shafe zanen da tafin hannu. "Yalla, a kwanta."

Sai bayan rasuwarta mahaifiyarmu ta gaya mini cewa jaririyar nan Kaka ce. Bayan girbi, Bawa ya saɓa ta a kafaɗa ya nufo gabas, shi ya sa aka haife mu a Makka. Ni da nake zaton labarin soyayya take ba ni, ashe hanyar ɗakin uwarta take maimaitawa don kada ta ɓace mata.

Aure ya kai ni Jidda. Da na koma Utaibiyya bayan shekaru, an rushe ɗakunanmu, an yi gine-ginen da ban sani ba. Na yi ta kai da kawowa, hawaye na neman zubo mini, har wani mai shago ya tambaye ni ko ɓata na yi. Sai na tuna da tsohuwar cikin labarin Bawa, na daina duban katangu, na duba ƙasa. A wani lungu a gindin dutse, inda ko ciyawa ba ta fita, ga ɗan itacen lalle kore shar. Kaka ce ta dasa shi a inda take juye tokar kaskonta da sauran ruwan shayi.

Na tsaya a gabansa, na gyara mayafina, na yi sallama da Hausa.