Ramin Bayan Ɗaki

Tun safe ma'aikata ke haƙa a bayan gidan da muke haya a unguwar Badi'a, wai bututun ruwa ne ya fashe. Ƙarar digar ba ta dame ni ba, sai da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo ta taga. A Riyad ba kasafai ake jin wannan ƙamshin ba, shi ya sa ya same ni ban shirya ba. Na ajiye wuƙar yankan albasa na zauna, hannuna na hagu ya fara tsami daidai inda ya taɓa karyewa.

Bari in ba ka labarin hannun nan. Mu biyar ne a lokacin, can ƙauyenmu, duk mata, ni ce babba, shekarata tara. Baba shi kaɗai yake noman gonarsa, maƙwabta kuwa kowa da 'ya'yansa maza a bayansa. A dandali sukan tambaye shi yaushe zai ɗaura zani ya cika mu shida. Yakan yi dariya a can, ya dawo gida ya sauke a kanmu. A shekarar da ta wuce Inna ta haihu, aka ce mana jaririyar ba ta zo da rai ba, ba mu ko ga fuskarta ba.

A gidanmu idan aka haihu, uban ɗa ne ke haƙa ramin mabiyiya a bayan ɗaki. Ɗan rami ne, bai wuce zurfin ƙwarya ba. Na ga an yi na ƙannena, don haka na san girmansa.

Damina ta yi tsakiya, da hantsi, Inna ta sake haihuwa. Kaka, uwar Baba, ita ta karɓi haihuwar. Tukunyar ruwan jego na tafasa a murhu, tsakar gida duk warin ganyen darbejiya. Kaka ta leƙo ta ce an samu mace. Baba ya ɗauki fartanya ya zagaya bayan ɗaki. Na bi shi da ruwan sha, na tsaya ina kallo. Ramin ya wuce ƙwarya, ya wuce gwiwarsa, bai daina ba. Yarinya ce ni, amma ba sakarya ba ce. 

Ya fito daga ramin ya nufi ɗaki. Ya yi fatali da tukunyar da ta tare masa hanya, tafasasshen ruwa ya watsu, ƙanwata ta ƙwalla ƙara tana riƙe da ƙafa. Na ji Inna tana roƙonsa, na ji saukar mari, sai ga shi ya fito da jaririyar a tsumma tana tsala kuka. Ban san lokacin da na cafke ƙafarsa ba. Ya shure ni, na ƙi saki. Ya janyo ni har bakin ramin, ya ɗauki fartanyar ya sauke min ƙotarta a hannu. Na ji ƙashin ya ce ƙas kamar an karya kara.

Ina birgima a taɓo na ga Kaka, tsohuwar da sai da sanda take zuwa bakin rijiya, ta zo da gudu ba ko ɗankwali. Ba ta taɓa shi ba. Ramin ta shiga, ta zauna daram a ciki.

"Iya, ki fito," in ji Baba.

"Zubo ƙasar," ta ce. "Ni ma mace ce, da ni za ka fara. Ta bara na yi shiru, har yau ban yi barci ba. Wallahi ba za a yi biyu ba."

A nan na san inda ta bara ta tafi. Baba ya tsaya kamar an dasa shi. Kaka ta miƙa hannu, ya saka mata jaririyar, ya fice daga gidan, sai bayan kwana uku ya dawo. Mai ɗori aka gaya masa daga mangwaro na faɗo. Na tsani Baba shekaru da yawa, ba zan ɓoye maka ba. Jaririyar nan kuwa ita ta yi jinyarsa da ya makance, har yau ba ta san komai ba.

Ina zaune haka ɗiyata ta dawo daga jami'a, Larabcinta ya fi Hausarta. Kwanaki ta karanta cewa a Faransa ta zamanin da, an duba rajistar jarirai aka ga a wasu gidaje maza sun rinjayi mata fiye da yadda haihuwa ke kawowa. Abin bai bar ranta ba.

"Umma, ya'ni ina matan suka tafi? Babu wanda ya tambaya?"

Yanzu a asibiti ake haihuwa, kowane jariri da takardarsa tun kafin ya sha nono. Tamu babu takarda, babu suna, ko rago ba a yanka mata ba. Na ce da ɗiyata ta rufe min tagar.

Ta rufe, ta dawo ta ce, "Ku shida ne a wajen Inna, ko?"

"Bakwai," na ce. "Zauna ki ji."