Kaskon da Tsinke Ta Ware wa Manaja

Tsinke ake ce mata tun tana siririya, sunan kuma ya ƙi sakinta ko da ta kai sai ta karkace take shiga ƙofar kicin. Shekara goma sha huɗu tana soya ƙwai a gidan abincin da ke bakin tashar mota, a gaba, inda take gaisawa da direbobi tana juya kasko. Wurin nan shi ne ranta.

Ran nan Manaja, wani ɗan firit mai wuya kamar na zakara, ya dube ta sama da ƙasa a gaban mutane.

"Tsinke, kin cika wurin nan. Koma baya, kina tare wa masu saye hanya."

Aka kwashe da dariya. Ta koma baya, ɗakin da ba taga, ita da hayaƙi da kwandon shara. Wallahi ta tsane shi, tsana mai tsanani.

Sai ta ji a rediyo wai baƙin shafen nan na kaskon zamani da abinci ba ya kamawa a cikinsa, ana zargin sinadarinsa yana sa ƙiba. Mai bayanin ya ce ba a tabbatar ba tukuna. Ina ruwan Tsinke da tukuna? Shekara nawa tana ɗanɗana abin da ta soya a ciki! Kuma wa ya hana a sauya kasaken ko sun ɗaye? Shi dai.

Ta zaɓi wanda ya fi kowanne ɗayewa, ta ɓoye shi bayan buhun gishiri. Kullum da safe a ciki take soya ƙwan Manaja, tana kankare gindinsa da cokalin ƙarfe. Don kada ya ji baƙon ɗanɗano sai ta ƙara mai, ta ƙara ƙwai ɗaya, ta sa albasa yadda yake so. Nufinta ya kumbura, ya ji abin da ta ji, sannan kunya ta sa ya mayar da ita gaba.

Wata takwas, sai ga Manaja da tumbi. Kaskon ne ko man, oho, ita dai har rawa ta taka a kicin.

Amma me? Direbobin da suka yi mata dariya su ne ke cewa, "Kai, Manaja, hutu ya karɓe ka! Yanzu ka yi kama da manya." Shi kuwa sai shafa ciki yake yana washe baki.

Ya leƙo kicin da fara'a.

"Tsinke, da na yi niyyar mayar da ke gaba wannan watan. Na fasa. Idan kika koma can, wa zai tsaya ya yi mini ƙwaina haka? Hannunki akwai albarka."

"Na gode, yallaɓai," in ji ta.

Ya fita. Ta daɗe tsaye da cokalin a hannu, tana jin hayaniyar direbobi ta bango.